Yadda Ake Gano Abin da Ke Hana Tushen Linux Rufewa Lafiya Lokacin Kashe Kwamfuta

Kwamfutar da ke aiki da Linux, idan an kashe ta bisa ƙa'ida, takan tashi washegari ba tare da ta yi ƙorafin komai ba. Sai dai a ɗakunan kwamfuta na makarantu, da shagunan buga takardu, da ƙananan asibitocin da ke ajiye bayanan marasa lafiya a garuruwa irin su Ringim da Gumel da Rano da Bichi, ba wuya a tarar da na'urar da kowace safiya sai ta fara nuna wannan layi kafin ta buɗe:

`/dev/sda2: recovering journal`

Wani lokaci `Clearing orphaned inode` yakan biyo baya. Abin da saƙon yake nufi shi ne ba a rufe tushen tsarin fayil yadda ya dace ba a kashewar da ta gabata, wato ɓangaren faifan da aka ɗaura a kan `/`, wanda shi ke ɗauke da tsarin gaba ɗaya. Ext4, tsarin fayil ɗin da Linux da yawa ke amfani da shi, yana da jonal, inda yake fara rubuta duk sauyin da zai yi wa shimfiɗar faifai kafin ya aiwatar, kuma da shi yake gyara kansa idan an katse shi a tsakiyar aiki. Shi ya sa galibi na'urar takan tashi, har mutane su saba da saƙon su daina lura da shi. Amma a saitin da ext4 ya zo da shi, shimfiɗar faifai jonal ɗin yake karewa, bai ɗauki nauyin dawo da abin da ke cikin takardar da ake rubutawa a lokacin ba, kuma rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL da ake yanke wa aiki kullum yana iya wayar gari ya ƙi tashi.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a san cewa a mafi yawan na'urori ba a kwance tushe ɗungurungum lokacin kashewa. Mutum ba ya naɗe tabarmar da yake zaune a kanta, haka nan shirin da ke gudanar da kashewar daga kan tushen yake aiki. Abin da ke faruwa shi ne, systemd, shirin da ke kula da tashi da kashewar tsarin, yana tsayar da hidimomi, wato shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage, bisa jeri, wadda ta tashi a ƙarshe ita ce ta farkon tsayawa, sannan ya kwance sauran ɓangarori irin su `/home` da `/boot`. Daga nan sai ya miƙa ragama ga wani ƙaramin shiri mai suna `systemd-shutdown`, wanda ke aika wa duk abin da ya rage siginar SIGTERM mai neman shiri ya tsaya, ya ɗan jira, ya bi da SIGKILL mai kashe shi da ƙarfi, ya kashe suwaf, wato wurin faifai da ke tallafa wa ram, ya saki na'urorin luf, wato fayilolin da aka ɗaura kamar faifai, da na LVM mai sarrafa ɓangarorin faifai, ya kuma mayar da tushe matsayin karatu kaɗai. Wannan mayarwa ita ce rufewar tushe. Idan ta yi nasara an zuba komai a faifai, an kuma share alamar da ke cewa jonal na bukatar farfaɗowa. Wasu nau'o'in Linux, kamar Fedora da Arch, sukan ƙara mataki ɗaya: su koma wani ɗan tsari da ke cikin ram, daga can su kwance tsohon tushen da suke kira `/oldroot`.

Sanin wannan yana rage wahala, domin ba kowane jan rubutu ne da ya gilma a allo yake nuna ɓarna ba. Saƙon `Failed unmounting /var` ya shahara a na'urorin da aka ware wa `/var` ɓangare na daban, kuma dalilinsa sau da yawa shi ne kundin rahoton systemd yana rubutu a can har kusan ƙarshe, sannan zagayen ƙarshe ya zo ya rufe shi lafiya. Haka ma ƙorafin kasa sakin LVM ko ɓangaren da aka kulle da LUKS, idan tushen a kansu yake. Alƙalin gaskiya shi ne tashi na gaba. Idan na'ura ta tashi ba ta ambaci farfaɗo da jonal ba, to an rufe tushen, ko da an ga ja a daren jiya. Don tabbatarwa, bayan ta tashi ka rubuta:

`sudo journalctl -b | grep -i -e recover -e orphan -e unclean`

Shin an ma kai ƙarshen kashewar?

A ra'ayina, a ƙauyukanmu da ƙananan garuruwanmu wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce masu gyara suka fi tsallakewa, su tafi neman laifi a cikin manhaja. Inda ake rayuwa tsakanin wutar layi da janareta da sola, hanyoyin da na'ura za ta mutu kafin ta gama rufewa suna da yawa. Akwai yaron shagon da ke danna umarnin kashewa, da ya ga allo ya yi baƙi sai ya kashe soket, alhali fitilar na'urar tana ci, faifai yana rubutu. Akwai maigadin makaranta da aka umarta ya kashe janareta da an tashi. Akwai inbatar da batirinta ya gaji, wadda ke yankewa da zarar rana ta yi sanyi, da kuma ɗan tsaikon da ake samu lokacin sauya layi daga wata wuta zuwa wata. A duk waɗannan Linux ba shi da laifi, kuma babu saitin da zai gyara su.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce duba ƙarshen rahoton zaman da ya gabata:

`sudo journalctl -b -1 -n 60`

Idan an kai ƙarshe, za ka ga layuka irin su `Sending SIGTERM to remaining processes` sannan `Journal stopped` ya rufe. Idan kuwa rahoton ya yanke ne a kan wani aiki na yau da kullum, babu ko alamar an fara tsayar da hidimomi, to wuta ce ta yanke, ko an danne maɓallin wuta, ko na'urar ta daskare. Idan an fara tsayarwa amma ba a kai `Journal stopped` ba, to wani ya gaji da jira ya katse ta, kuma layukan ƙarshe za su nuna abin da ake jira. Umarnin `last -x` ma yana taimakawa a yawancin na'urori, domin duk inda ka ga layin `reboot` biyu a jere babu `shutdown` a tsakaninsu, an samu mutuwar ba-zata.

Idan journalctl ya ce ba shi da labarin zaman baya, kundin a ram yake ajiyewa, yana gushewa da kashewa. Ka ƙirƙiri `/var/log/journal` ko ka sa `Storage=persistent` a cikin `/etc/systemd/journald.conf`, ka sake kunnawa, ka jira matsalar ta maimaitu. Wani abin lura kuma, mafi yawan kwamfutocinmu tsofaffi ne na hannu, kuma ɗan batirin agogonsu, CR2032, ya daɗe da mutuwa. Irin wannan na'ura takan tashi da kwanan watan da ba daidai ba, sai lokutan rahoto su hargitse, har fsck, shirin da ke duba tsarin fayil, ya riƙa ƙorafin cewa lokacin ɗaurawar ƙarshe yana gaba da yau. Batirin ba shi da tsada, kuma canja shi kafin a fara bincike yana kawar da ruɗani mai yawa.

Idan ta tabbata wuta ce, gyaran na tsari ne da tarbiyya. A manna takarda a jikin bango da ke cewa: "Don Allah Malam, a jira fitilar kwamfuta ta mutu kafin a kashe soket." A wurin da sola ce kaɗai madogara, a sa na'urar ta kashe kanta tun batiri na da ƙarfi, misali da `sudo shutdown -P 17:30`, ko a sa wannan a cikin cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, don ya zama na kullum. Idan akwai UPS mai kafar USB, manhajar NUT ko apcupsd za ta iya kashe na'urar da kanta idan caji ya yi ƙasa. Wanda kuma ya mayar da laftof saba, wato na'urar da ke yi wa sauran hidima, ya duba `/etc/UPower/UPower.conf`, ya sa `CriticalPowerAction=PowerOff`, ya kuma ɗaga `PercentageAction` tare da matakan gargaɗin da ke samansa, domin tsohon batiri yakan mutu tun yana nuna akwai saura.

Ganin abin da ke faruwa a daƙiƙun ƙarshe

Idan rahoto ya kai `Journal stopped` amma duk da haka tushe yana tashi da datti, to matsalar tana cikin abin da ya faru bayan an rufe kundin, wurin da journalctl ba ya gani. Nan ne aikin ya fi bukatar haƙuri.

Mataki na farko shi ne cire labulen da ke rufe saƙonni. Lokacin kunnawa ka fito da jerin GRUB, shirin da ke tayar da Linux, a Ubuntu da danne Shift ko danna Esc, ka danna `e`, ka nemi layin da ya fara da `linux`, ka goge kalmomin `quiet splash`, sannan ka danna F10. Wannan sauyi na zama ɗaya ne. Bayan ka yi aikinka na yau da kullum, maimakon kashewa ka rubuta `sudo systemctl halt`, wanda ke bin duk matakan rufewa amma ya bar wuta a jikin na'urar, saboda haka rubutun ƙarshe zai tsaya a allo. Ka ɗauki hotonsa da waya. Layukan da kake nema su ne `Waiting for process`, wanda ke ambaton sunan shirin da ya ƙi mutuwa, da `Failed to remount '/' read-only`, wanda shi ne shaidar matsalar kanta.

Idan hoton bai wadatar ba, akwai dabarar da masu systemd da kansu suka tanada. Duk fayil mai izinin gudana da aka ajiye a `/usr/lib/systemd/system-shutdown/` ana gudanar da shi dab da yanke wuta, bayan an gama ƙoƙarin rufe komai. Ka ƙirƙiri `debug.sh` a wurin da wannan abin a ciki:

```
#!/bin/sh
mount -o remount,rw /
dmesg > /shutdown-log.txt
ps -eo pid,stat,args >> /shutdown-log.txt
mount -o remount,ro /
```

Ka ba shi izini da `chmod +x`, sannan a layin `linux` na GRUB ka ƙara `systemd.log_level=debug systemd.log_target=kmsg log_buf_len=1M printk.devkmsg=on`. Mai Fedora ya ƙara `enforcing=0` don kada tsarin tsaronsa, SELinux, ya hana rubutun. Bayan kashewa da kunnawa za ka tarar da `/shutdown-log.txt` ɗauke da labarin kowane yunƙuri na kwancewa, da jerin shirye-shiryen da suka tsira har ƙarshe. Wannan jeri shi ne mafi daraja, domin a ƙa'ida bai kamata a ga komai a ciki ba sai `systemd-shutdown`, da shirin naka, da zaren kanel, wato ayyukan zuciyar Linux kanta, waɗanda sunayensu ke cikin baka mai kusurwa.

Ana kuma iya gwada rufewar da hannu ba tare da an kashe ba. Ka shiga yanayin ceto da `sudo systemctl rescue`, ka sa kundin rahoto ya saki faifai da `journalctl --relinquish-var`, ka kashe suwaf da `swapoff -a`, sannan ka gwada `mount -o remount,ro /`. Idan ya ce tushe yana cikin aiki, ka tambayi wanda ke riƙe da shi:

`fuser -vm /`

Jerin zai yi tsawo, amma babban harafi `F` kawai za ka bi, domin shi ke nuna shirin da ya buɗe fayil don rubutu. Mai karatu kawai ba ya hana rufewa. Sai kuma `lsof +L1`, wanda ke fito da fayilolin da aka riga aka goge amma wani shiri bai sake su ba. Kanel ba ya yarda a mayar da ɓangare karatu kaɗai matuƙar akwai irin waɗannan, kuma su ne ke zama marayun, wato `orphaned inode`, da fsck ke sharewa da safe.

Waɗanda aka fi kamawa

SIGKILL ba ya barin shiri mai lafiya, saboda haka duk abin da ya tsira daga gare shi yana da dalili. Mafi yawa shiri ne da ya maƙale yana jiran faifai ko netwok, wanda ke nuna harafin `D` a ginshiƙin `stat` na jerin da `ps` ya fitar. Irin wannan sau da yawa ba ya jin sigina ko wace iri har sai abin da yake jira ya amsa.

A ɗakin kwamfuta mai saba ɗaya da ke raba fayiloli ta NFS ko Samba, wannan shi ne abin zargi na farko. Da an tashi, wanda ke kusa da sabar sai ya fara kashe ta, ko a kashe suwic ɗin netwok, a bar sauran na'urori suna neman wurin da za su zuba abin da ke hannunsu. NFS a saitinsa na asali ba ya fid da rai, zai ci gaba da gwadawa ba iyaka. Idan shirin da ya maƙale yana riƙe da wani fayil a tushe, tushen ba zai rufe ba, idan kuma ba ya riƙe da komai, tsawon jiran kansa zai sa wani ya zare waya. Jerin da ya dace shi ne a fara da na'urorin ɗalibai, sannan saba, sannan suwic, sannan wuta. A `/etc/fstab` kuma yana da amfani a ƙara `x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=60`, ta yadda rabon, wato wurin fayilolin da ake ɗaurowa daga saba, zai kwance kansa idan an yi minti ɗaya ba a taɓa shi ba. Systemd yana gane NFS da CIFS da kansa a matsayin na netwok, amma faifan da ke zuwa ta iSCSI sai an sa masa `_netdev`. Idan ta wayfai ake haɗuwa, a tabbata an saita haɗin don dukan masu amfani, in ba haka ba zai iya yankewa da fitar mutum, tun kafin a kwance rabon. Wasu sukan ba da shawarar sa `soft` a NFS. Yana kawar da maƙalewa, amma yana iya jawo asarar abin da ake rubutawa, don haka ban ga dacewarsa ba a wurin da ake ajiye sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya.

Na biyu shi ne suwaf. Tun daga fitowar 17.04 Ubuntu yake ajiye suwaf a matsayin fayil a kan tushe maimakon ɓangare na daban, kuma muddin fayil ɗin yana aiki kanel yana riƙe da shi don rubutu. Kafin a kashe shi sai an dawo da abin da ke cikinsa zuwa ram, abin da kan ɗauki lokaci a tsohuwar na'ura mai ram gigabayit 2 ko 4 da faifai mai juyawa. Umarnin `swapon --show` da `free -h` za su nuna yawan abin da ke ciki kafin kashewa. Idan kullum a cike yake, maganin shi ne ƙarin ram ko rage abin da ake buɗewa lokaci guda. Kusa da wannan akwai na'urorin luf: hoton faifai da wani ya ɗaura da hannu daga fayil ɗin da ke kan tushe, ya manta. `losetup -a` zai lissafa su. Waɗanda Snap ke ɗaurawa a Ubuntu na karatu ne kaɗai, kada yawansu ya tsorata ka.

Na uku shi ne manhajar da aka tayar ta bayan fage, ta `rc.local` ko layin `@reboot` na cron, kamar manhajar gwajin jarrabawa ko ta rajistar da wani ya girka ya tafi. Systemd zai kashe ta, amma bai san abin da ta dogara da shi ba, don haka yana iya tsayar da rumbun bayanai ko ya nemi kwance ɓangaren da take rubutu a kai tun tana aiki. Gyaran shi ne a rubuta mata fayil ɗin hidima na kanta, a sa `After=mariadb.service` idan da shi take aiki, da `RequiresMountsFor=` tare da wurin da take ajiya. Tunda tsayawa tana bin kishiyar jerin tashi, waɗannan layuka biyu sun isa su sa a tsayar da ita kafin abin da take bukata. Idan ka tarar da `KillMode=none` a wata hidima, ka bincika dalilinsa, domin yana barin shirye-shiryenta a raye bayan an ce ta tsaya.

A nan ya kamata a yi maganar saƙon da kowa ya sani, `A stop job is running`, mai ƙirga daƙiƙu har zuwa minti ɗaya da rabi. Daƙiƙa 90 ita ce wa'adin da systemd ke ba hidima ta tsaya da kanta kafin ya kashe ta da ƙarfi. Shawarar da ta cika intanet ita ce a rage `DefaultTimeoutStopSec` a `/etc/systemd/system.conf` zuwa daƙiƙa 10 ko ƙasa. Wannan yana gajarta jira, amma bai warware komai ba, kuma duk hidimar da ba ta da nata wa'adin, wadda ke bukatar lokaci don ta zuba bayananta a faifai, za a riƙa yanke ta a tsakiya. Saƙon yana faɗin sunan abin da ake jira. Shi za a bi da `journalctl -b -1 -u` da sunan hidimar, idan kuma dole sai an sauya wa'adi, a sauya na ita kaɗai ta `systemctl edit`.

Akwai kuma wanda ke faruwa sau ɗaya bayan sabunta tsari, musamman a nau'o'in da ba sa amfani da systemd irin su Devuan da antiX, waɗanda ake sa wa tsofaffin na'urori. Shirin farko da ke tayar da sauran, wato sysvinit ko makamancinsa, yakan ci gaba da riƙe tsohon fayil ɗin tsari da sabuntawa ta goge. Umarnin `telinit u` yana sa sysvinit ya sake loda kansa, takwaransa a systemd kuma shi ne `systemctl daemon-reexec`. Idan bai maimaitu ba, a wuce shi.

Faifan kansa

Idan shirin da ya maƙale ba netwok yake jira ba, to faifai yake jira, kuma wannan ya fi komai hatsari. Zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da yawan yankewar wuta, duk suna rage wa faifai kwana. Ka duba `sudo dmesg | grep -i -e "I/O error" -e "ata.*failed" -e "EXT4-fs error"`, sannan ka girka smartmontools, mai karanta SMART, wato rahoton da faifai ke ajiyewa kan lafiyarsa, ka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda`. A jerin da zai fito, lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, lamba 197 tana ƙirga waɗanda ake shakka a kansu, kuma idan ɗayansu yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan yana kan hanyarsa. Lamba 199 kuwa galibi wayar SATA take tuhuma, wadda cire ta a goge a mayar, ko canja ta, kan wadatar. A faifai da yawa lamba 192 tana ƙirga sau nawa wuta ta yanke masa ba shiri, NVMe kuma yana da layin `Unsafe Shutdowns`. Ka rubuta adadin yau, ka kashe, ka kunna, ka sake dubawa. Idan ya ƙaru duk da an bi ƙa'ida, wuta tana barin faifan kafin a sallame shi, sai a duba akwatin wutar na'urar, ko akwatin USB idan a cikinsa faifan yake.

Idan SMART ya nuna lalacewa, kwafe bayanai shi ne farko, kafin kowane gyara, domin fsck yana wahalar da faifai mara lafiya. Idan kwafin yau da kullum yana tsayawa, ddrescue an yi shi ne don irin wannan.

Gyaran tsarin fayil ba a yin sa a kan ɓangaren da ke ɗaure. Ka tayar da na'urar daga filashin Linux, ka gano ɓangaren da `lsblk -f`, kuma kada ka buɗe shi a manhajar duba fayiloli, domin buɗewar za ta ɗaura shi, ta farfaɗo da jonal, ta goge shaidar da ka zo nema. Ka fara da:

`sudo dumpe2fs -h /dev/sda2 | grep -i -e state -e features`

Idan `needs_recovery` ya fito a cikin jerin siffofi alhali ɓangaren a kwance yake, ba a rufe shi lafiya ba. Wannan gwaji daga filashi kawai yake da ma'ana, saboda a tsarin da ke gudana kalmar tana nan kullum, kuma layin `clean` shi kaɗai ba hujja ba ne. Daga nan `sudo e2fsck -fn /dev/sda2` zai duba ba tare da ya taɓa komai ba, `sudo e2fsck -f /dev/sda2` kuma zai gyara yana tambayarka. Abin da ya tsinto ba tare da suna ba zai zuba shi a `lost+found`. Wanda ba shi da filashi yana iya ƙara `fsck.mode=force fsck.repair=yes` a layin GRUB. Mai XFS zai yi amfani da `xfs_repair`, ya guji `-L` sai in babu makawa domin yana zubar da jonal, mai Btrfs kuma ya tsaya a `btrfs check` kada ya yi gaggawar ƙara `--repair`.

Idan ta tsaya cik ana cikin kashewa

Kafin a kai hannu ga maɓallin wuta akwai hanyar da kanel ya bari a buɗe. Ka danne Alt tare da SysRq, wanda a yawancin allunan rubutu shi ne Print Screen, a laftof kuma wani lokaci sai an haɗa da Fn. Kana danne da su ka danna `S`, ka jira daƙiƙu kaɗan, wannan yana zuba abin da ke ram a faifai. Sai `U`, wanda ke tilasta mayar da dukan ɓangarori karatu kaɗai, ka sake jira. Sai `O` don kashewa ko `B` don sake kunnawa. Wannan yana aiki ne idan an ba da izini, kuma `cat /proc/sys/kernel/sysrq` zai nuna matsayin. Ubuntu yana zuwa da 176, adadin da ya ƙunshi waɗannan ayyuka daidai. Inda adadin bai ƙunshe su ba, a rubuta `kernel.sysrq=176` a wani fayil cikin `/etc/sysctl.d/` tun na'urar tana lafiya, a kuma koya wa duk wanda ke rufe ɗakin da yamma.

Bayan kowane gyara a gwada shi shi kaɗai, kada a sauya abu uku lokaci guda. A yi aiki na yini kamar yadda aka saba, da rabon netwok a ɗaure da manhajoji a buɗe, a kashe, a kunna, a sake gudanar da umarnin neman `recover` da `orphan`. Idan ya dawo babu komai kwanaki a jere, sai a goge `debug.sh` daga `/usr/lib/systemd/system-shutdown/`, domin barinsa yana nufin ana sake buɗe tushe don rubutu a kowace kashewa, a goge `/shutdown-log.txt`, idan kuma an sa zaɓuɓɓukan bincike a `/etc/default/grub` a cire su a gudanar da `sudo update-grub`.